DILLANCIN FILAYE A MINJIBIR: KYAKKYAWAN FATA BA DAƊIN BAKI BA NE



Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Gezawa ta ratsa Minjibir ta nufi Kunya, ko kuwa ya shigo ta ɓangaren Ungogo, ba sai an gaya masa cewa al'amura suna sauyawa ba. Gonar da aka san ta da gero da dawa da gyaɗa tun kaka da kakanni, yau sai a tarar an kafa mata turaku a kusurwa huɗu, an jibge bulo 'yan ƙwarori a tsakiya, an rubuta lambar waya da jan fenti a jikin guntuwar katanga. A gindin bishiya kuma ga samari uku ko huɗu a kan benci, babura a jingine, kowa da waya a hannu yana jiran Alhajin da ya ce zai taso daga birni ya ga fili. Waɗannan su ne dillalan filaye. Da yawansu 'yan uwa ne matasa da suka gama sakandare, suka yi Islamiyya, suka yi ta yawon neman aikin gwamnati har takalmi ya suɗe, daga ƙarshe suka ce gara a kama wannan da zaman banza.

A 'yan shekarun nan an cika wa waɗannan matasa kunne da wani irin wa'azi da ba daga masallaci ya fito ba. Ta cikin waya yake shigowa, daga bakin wasu masu kwat da ke Amurka ko Dubai ko Legas. Wai mutum ya sa a ransa cewa ya riga ya yi kuɗi. Wai kada ya yarda da kalmar a'a. Wai babu mai sayen da ba za a iya shawo kansa ba in dai an iya baki. Ba za a ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ko kaɗan ba, domin dillanci ba sana'ar mai raunin zuciya ba ce. To amma akwai guba a cikin zumar. Kyakkyawan fatan da dillali Musulmi yake buƙata shi ne wanda zai ba shi ƙarfin halin tashi ya kaɗe rigarsa ya bar mugun ciniki, yana mai sakankancewa cewa Wanda ya kawo wannan zai kawo wani. Wanda ya rasa irin wannan fata, ko da dariyarsa ta kai kunne, matashi ne da ya riga ya yanke ƙauna.

ƘASAR DA BA TA ƘARUWA

Da farko dai ya kamata a san cewa fatan dillalin Minjibir yana da tushe, ba mafarki ba ne. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 416 ne, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum 213,794. Ke nan tun a wancan lokacin fiye da mutum 500 ne a kan kowace murabba'in kilomita guda, kuma kowa ya san yawan sunan da aka raɗa daga 2006 zuwa yau. Wannan cunkoso ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1960 wani Bature masanin ƙasa mai suna Michael Mortimore ya yi bincike a kan karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya bayyana ta a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a wannan yanki na Afirka. Abin da ya jawo hankalin masana shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Sirrin bai wuce taki da gumi ba: jakuna su shiga birni da itace, su dawo da mangaloli cike da taki.

A kan wannan ƙasa ce abubuwa biyu suka haɗu. Ta ciki, gado yana ta yanyanka gonaki: gandun da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'ya takwas suka raba, yanzu jikoki arba'in ne suke kallon sa. Ta waje kuma birni yana ta tunkuɗowa. Ungogo, maƙwabciyar Minjibir, tuni aka lissafa ta cikin ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewaye. Ma'aikacin da haya ta kore shi daga Fagge ko Nasarawa, da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa da yake neman inda zai adana kuɗinsa kada su narke, dukkansu idonsu yana kan bayan gari. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Saboda haka muddin ana haihuwa ana mutuwa, mai saye da mai sayarwa ba za su ƙare ba, kuma ba za su daina buƙatar wanda zai tsaya a tsakaninsu ba.

INDA YANKE ƘAUNA YAKE SHIGOWA

Sai dai kasuwa ta kasance akwai ta daban, a ci daga gare ta kuma daban. Wanda bai taɓa shiga harkar ba yana zaton dillali baki kawai yake sayarwa. Bai san cewa ana iya yin wata uku, huɗu, ba a ƙulla ciniki ko ɗaya ba. A cikin watannin nan kuwa babur ba ya shan ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kai mai saye ya ga fili a Wasai ko Kantama a dawo ya zama abin da sai an yi lissafi. Kafin nan, a farkon 2023, canjin kuɗi ya sa tsabar naira ta ɓace daga hannun jama'a, ciniki ya tsaya cik a karkara. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, masu niyyar gini da yawa suka janye jiki. A ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukuma. Wanda yake fama da kuɗin kwanon masara ba ya zancen fuloti.

Ko an dace ciniki ya faɗa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Fili ɗaya sai a tarar mutum biyar sun rataya a jikinsa: wanda ya san mai gona, da wanda ya san wanda ya san shi, da wanda ya kawo mai saye, da wanda ya ba da lambar waya, da wanda kawai yana zaune a wurin lokacin da aka yi maganar. A ƙaddara an sayar da fili naira miliyan 2, la'ada kuma kashi 5 cikin ɗari. Naira 100,000 ke nan. A raba biyar, kowa ya tashi da 20,000, bayan wata uku ana zirga-zirga a rana. Mafi ciwo ma shi ne ranar da dillali zai wayi gari ya ji mai gona da mai saye sun zagaye shi sun gama ciniki da daddare, don kawai kada su ba shi haƙƙinsa.

To a irin wannan dare ne, matashi yana kwance, ga bashin mai, ga mahaifiya ba lafiya, ga iyayen yarinya sun ce a fito, Shaiɗan yake zuwa da tasa nasihar. Ba ya cewa a yi sata. Cewa yake yi: wannan dama in ta wuce, wata ba za ta sake zuwa ba.

'YA'YAN DA YANKE ƘAUNA YAKE HAIFA

Idan aka bi diddigin duk wata ɓarna da ta ɓata sunan dillalan filaye a ƙasar Kano, za a tarar daga wannan jumla ta fito.

Akwai sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kowa da takardarsa, sai ranar da aka zo haƙa harsashi a yi kiciɓis. Akwai ɗora kuɗi a ɓoye: mai gona ya ce a sayar masa miliyan ɗaya da rabi, dillali ya ce wa mai saye miliyan biyu, ya soke rabin miliyan a aljihu ba da sanin kowa ba, sannan ya miƙa hannu a ba shi la'ada. Akwai kawo abokin baki ya zo ya yi tayin ƙarya don a tsorata mai saye ya ƙara kuɗi, abin da malaman fiƙihu suke kira najashi, kuma duk ɗan Islamiyya ya san haramun ne. Akwai ɓoye aibi: a kai mutum fili da rani ƙasa ta bushe, ba za a gaya masa cewa da damina nan ne hanyar ruwa ba, ko cewa rabin filin yana ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko yana kan inda titi zai bi.

Mafi muni a cikinsu ita ce gonar gado. Mahaifi ya rasu, ba a raba ba, babban wa yana son kuɗi. Akwai mata a gidajen aure da ba a tambaye su ba, akwai ƙanana da ba su san hagu da dama ba. Dillali ya sani sarai, amma ya kau da kai, ya ce ai babban wa uba ne. Alhali a shari'a babu mai ikon sayar da rabon wani ba da yardarsa ba, dukiyar maraya kuwa ba a taɓa ta sai da hannun waliyyinsa na shari'a ko alƙali, shi ma sai in maslahar marayan ce. Har ma a mazhabar Malikiyya, wanda yake da tarayya a gonar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato idan abokin tarayyarsa ya sayar da rabonsa ga bare, yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe. Cinikin da aka yi a kan irin wannan gona wuta ce aka rufe da toka. Bayan shekara goma marayu za su girma, kotu za ta kira shaidu, sunan da za a fara kira kuwa na dillali ne.

Mai yin waɗannan abubuwa yana iya zama mutum mai fara'a, mai zafin nema, wanda masu wa'azin waya za su yaba masa. Amma a ƙasan zuciyarsa abin da ya ƙudurta shi ne cewa arzikinsa yana cikin wannan ciniki ɗaya tak, in ya kuɓuce shi ke nan. Wannan munana zato ne ga Allah, ko da an sa masa rigar himma.

GONAR DATTIJO

A ƙaddara wani dattijo a ɗaya daga cikin ƙauyukan Kunya ko Sarbi. Gonarsa ɗaya ce, ita yake ci, ita yake ciyar da iyali. Aurar da 'ya ya taso, ga kayan ɗaki, ga gara. Ya aika a kira masa dillali.

Dillali na farko zai zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce: "Baba, ai ka yi dabara. Noma yanzu wahala ce kawai, taki ya fi ƙarfin talaka. Ina da Alhajin da zai biya gobe-goben nan." Cikin mako guda an gama. Biki ya yi armashi. Bayan wata shida kuɗi sun ƙare, damina ta faɗi, dattijo yana zaune a ƙofar gida yana kallon wasu suna tafiya gona, 'ya'yansa maza kuwa sun koma ƙwadago a gonar wani ko sun tafi ci-rani.

Dillali na biyu zai ce: "Baba, Allah Ya ƙara girma. Nawa ne ainihin abin da ake buƙata? In buƙatar ba ta kai kuɗin gonar duka ba, me zai hana a yanki gefen da ke bakin hanya, wanda ya fi daraja, a sayar, a bar maka sauran ka ci gaba da nomawa? Ko a ba da hayar wani sashe na shekara biyu? Kuma a kira su Yaya a yi maganar a gabansu, kada gobe a ce an yi a ɓoye." La'adar wannan ba za ta kai kashi ɗaya cikin uku na ta wancan ba. Mai yiwuwa ma dattijon ya fasa sayarwa gaba ɗaya, ya tashi a tutar babu.

Wanne ne a cikinsu mai kyakkyawan fata? Na farko ya ɗauka yau ce kawai ranar cin kasuwa. Na biyu ya yarda akwai gobe. Ya yarda cewa a ƙasa irin Minjibir, inda kowa ya san gidan su kowa, inda labari yake isa Tsakuwa kafin mai shi ya isa, maganar da ya gaya wa dattijon nan ba za ta mutu a zaure ba. Ranar da wani a dangin zai sayar ko zai saya, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ko ba a zo ba, bai ɗauki alhakin raba tsoho da abincinsa ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasar Kano. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma dillalai da fatomai ne suka riƙe ta. Baƙo ya taso daga Agadas ko Gwanja ya sauke dukiyarsa a gidan mutumin da ba ɗan uwansa ba, ya ba shi amanar sayarwa, ba takarda ba lauya. Minjibir kanta an san ta da saƙa, kuma tufafin da masaƙanta suka saƙa ta hannun dillalai suke isa ga masu saye na nesa. Jarin waɗannan bayin Allah suna ne. Wanda ya ci amana sau ɗaya, fatake sun daina sauka gidansa har abada.

FATA BA TARE DA SANI BA RUƊI NE

Sai dai a kula. Gaskiya kaɗai ba ta isa ba in babu sani, domin dillali yana iya cutar da mutum da zuciya ɗaya. Wajibi ne matashin da ya shiga wannan harka ya san dokar da take hukunta ƙasar da yake sayarwa, ko yana son dokar ko ba ya so.

Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka shelanta cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi wannan sawu. Sannan a ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda aka cusa ta cikin tsarin mulki, har yau kuma ita ke aiki. A ƙarƙashinta ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, Gwamna ne ke ba da shaidar mallakarsa. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya. Gwamna ne kuma yake da ikon cewa daga yau wuri kaza ya zama birni. Yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce a kai, ba ta tsurar ƙasa ba. A taƙaice, a idon wannan doka abin da talaka yake saya izinin zama ne.

Mafi yawan filayen da ake yankawa a bayan gari awon igiya ne: mai gona da dillalai su ja igiya su fitar da fuloti-fuloti, ba tare da hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da taswirar ba. Sau da yawa ba a barin hanya wadatacciya, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta ko maƙabarta. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani wajen tabbatar da cewa an yi ciniki a gaban shaidu, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba, kuma zalunci ne a bar mai saye ya tafi yana zaton ita ce. Wanda aka kawo masa fili mai takardar gwamnati kuma, akwai ma'aikatar ƙasa da ofishin KANGIS inda ake bincika ko takardar ta gaskiya ce da sunan wanda ke kanta.

Wanda yake ganin wannan dogon turanci ne, ya tuna watan Yunin 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen da aka yi a filin Idi na Ƙofar Mata da tsohon otal ɗin Daula, wuraren da mutane suka zuba miliyoyi suna riƙe da takardun da gwamnatin da ta gabata ta ba su. Ya kuma tuna Rimin Zakara a ƙaramar hukumar Ungogo, inda a watan Fabrairun 2025 rusau a kan filin da aka daɗe ana taƙaddama a kansa tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero ya kai ga asarar rayuka. In masu takarda sun kwana da kuka, ina ga wanda aka sayar wa awon igiya aka ce masa ya kwantar da hankalinsa? Dillalin da ya ce wa mai saye "in sha Allahu ba abin da zai faru" alhali bai bincika komai ba, ya sani cewa ya fake da sunan Allah ne ya rufe lalacinsa. Tawakkali yana zuwa ne bayan an yi abin da ya wajaba.

ƘOFOFIN DA SUKE A BUƊE

Mai yanke ƙauna ƙofa ɗaya yake gani: a sayar, a ba shi la'ada. Mai kyakkyawan fata yana ganin wasu.

Ga madatsar ruwa ta Wasai, wadda aka gina a kan kogin Jakara a shekarun 1970, inda ake noman rani da kamun kifi. Akwai masu fili a bakin ruwa da ba su da ƙarfin nomawa, akwai matasa masu ƙarfi da ba su da fili. Haɗa su a kan haya ta adalci dillanci ne, kuma gona tana nan a hannun mai ita. Ga gidaje da shagunan haya da masu su suke zaune a birni suna neman amintaccen da zai kula musu. Ga 'yan asalin yankin da suke Legas ko Abuja ko Saudiyya, waɗanda babban abin da yake hana su sayen fili a gida shi ne tsoron a cuce su; ranar da suka sami mutum ɗaya da zai gaya musu aibin fili kafin ya gaya musu kyansa, sun sami ɗan uwa, kuma za su gaya wa na kusa da su.

Ga kuma abin da ɗan Islamiyya ya fi kowa cancanta da shi. An karantar da shi muhimmancin rubuta yarjejeniya da kafa shaidu. An karantar da shi rabon gado. Matashin da ya iya rubuta takardar ciniki tsaf, da iyakokin fili gabas da yamma, kudu da arewa, da sunayen maƙwabta, da sa hannun kowane magaji mace da namiji, wanda kuma ya san lokacin da ya kamata ya ce a dakata a je wurin malami ko alƙali a raba gadon tukuna, ya riga ya fi ƙarfin ɗan kan benci. Ilimin da ake ganin ba ya kawo abinci, a nan jari ne.

Sannan akwai matakan kare kai. A yanke la'ada tun farko a gaban shaida, da wanda zai biya ta, kafin a taka zuwa fili. Dillalan gari su haɗa kansu su yi tsari, su san wanda ya fara kawo fili da yadda za a raba, su kuma fitar da ɓata-gari daga cikinsu tun kafin hukuma ta yi musu kuɗin goro. Kada kuma matashi ya saki sana'ar hannu ko 'yar gayaunarsa ya dogara da dillanci kaɗai. Wanda yake da buhun gero a ɗaki ya fi iya cewa a'a.

GASKIYA ƊAYA MAI ƊACI

Wani zai ce: duk an ji, amma ga wane can ya yi ta cuta, ya gina gida ya sayi mota, mai gaskiya kuwa har yau yana kan tsohon babur. Wannan haka yake, kuma ba daidai ba ne a yi wa matasa alƙawarin da Allah bai yi musu ba. Babu wanda ya ce duk mai gaskiya zai yi kuɗi. Yana yiwuwa ɗan uwa ya riƙe amana shekara goma yana nan jiya i yau. Bambancin wa'azin waya da tarbiyyar Musulunci ke nan: wancan ya ce a yi fata domin kuɗi suna tafe tabbas, wannan kuwa ya ce arziki a rubuce yake, ƙarya ba ta ƙara shi, gaskiya ba ta rage shi, abin da ya rage wa bawa shi ne ya zaɓi hanyar da zai same shi. Kuma ƙasa ba kamar sauran haja ba ce. Atamfa tana tsufa, mota tana mutuwa, amma fili yana nan inda yake, yana jiran ranar da za a tone maganar, a duniya ko a gaban Allah. Malamai sun sha jan kunne a kan girman azabar wanda ya ci ko da taƙi ɗaya na ƙasar wani.

Masu hannu da shuni su ma akwai nasu. Alhajin da zai sa yaro ya yi ta ƙona mai yana zaga ƙauyuka da shi, sannan ya zagaye ya yi ciniki a bayansa, ya sani cewa ya ci gumin ma'aikaci, kuma yana cikin masu tura matasa ga cuta. Masu unguwanni da dagatai kuma su ji tsoron Allah a kan abin da suke sa wa hannu, domin da hatiminsu ake samun ƙarfin gwiwar sayar da gonar marayu.

Shi kuwa ɗan uwa da ke zaune a gindin bishiya yana jiran Alhajin da ya ce yana hanya tun hantsi, ga la'asar ta yi bai zo ba, kada ya karaya. Ya tashi ya yi alwala ya ba da farali. Mutane ba su daina haihuwa ba, birni bai daina matsowa ba, masu neman amintacce kuma sun fi amintattun yawa nesa ba kusa ba. Gurbin da babu kowa a cikinsa ke nan a wannan kasuwa, kuma shiga cikinsa ba ya buƙatar jari ko takardar digiri ko ubangida a gwamnati.

Allah Ya ba matasa sana'a ta halal mai albarka, Ya tsare su daga cin haƙƙin marayu da raunana, Ya sanya wadatar zuci a ƙirjinsu. Amin.